Yadda ake mayar da mai shanyewar ɓarin jiki kan ayyukansa a gidan ƙauye

Ranar da aka sallamo mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti, ko daga Malam Aminu Kano ne, ko daga Birnin Kudu ko Dutse, abin da aka saba yi a gida shi ne a shimfiɗa masa tabarma a ƙuryar ɗaki, a ɗora wa mace ɗaya jinya, a hana shi taɓa komai. A ba shi abinci a baki, a yi masa wanka, a sa masa riga. Ƙauna ce ke sa a yi haka, amma wata uku a wannan hali ya isa hannu ya ƙage, kafaɗa ta kama ciwo, mutumin da zai iya tafiya da sanda ya koma na kwance. Tushen shanyewar a ƙwaƙwalwa yake, kuma ƙwaƙwalwar da ta samu rauni tana sake koyon motsi ne idan ana maimaita aikin da mutum ya sani kuma yake so. Ta fi saurin koyo a wata uku na farko, ko da yake sauƙi yana ci gaba da zuwa har bayan wata shida, har bayan shekara. Saboda haka aikin mai jinya shi ne ya rage wa aiki wuya har mara lafiya ya iya yin sa da kansa, sannan ya riƙa mayar masa da wuyar kaɗan-kaɗan.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan hanya shi kansa mai naƙasa ne. George Barton mai zanen gine-gine ne a Amurka. Tarin fuka ya kama shi, daga baya tsananin sanyi ya ci masa ƙafar hagu har aka yanke wani ɓangarenta, sannan ɓarin jikinsa na hagu ya daina motsi. A 1914 ya buɗe wani gida a garin Clifton Springs na jihar New York, ya sa masa suna Consolation House, ya tanadi wurin aikin kafinta da lambu. Da su ya farfaɗo da jikinsa, ya kuma riƙa karɓar wasu marasa lafiya yana ba su aiki daidai da gaɓar da ake so ta motsa. A gidan ne, ranar 15 ga Maris 1917, shi da wasu mutum biyar suka kafa ƙungiyar masu jinya ta hanyar aiki ta ƙasar Amurka. Abin da Barton sai da ya tanada, gidan manomi a Gaya ko Jahun yana da shi tun asali: buta, turmi, gyaɗar ɓara, kaba, awaki masu jiran dusa. Abin da ya rage shi ne sanin wanne za a fara da shi, da yadda za a kauce wa ɓarna kafin a kai can.

Makwanci

A ɗauke shi daga ƙasa. Tashi daga tabarma yana buƙatar ƙarfin da mai ɓari ɗaya ba shi da shi tukuna, kuma a wajen ɗago shi daga ƙasa ne ake yawan fizge masa kafaɗa. Gado ya kai tsayin da idan ya zauna a bakinsa tafin ƙafafunsa biyu za su taka ƙasa sosai, gwiwa daidai da ƙugu ko ƙasa da shi kaɗan. Ga babban mutum wannan yana kamawa santimita 45 zuwa 50 har da katifa. Idan gadon ya yi ƙasa, a ɗora ƙafafunsa a kan bulo mai faɗi. Katifar da ta lotsa a tsakiya tana hana juyawa, a sa mata katako a ƙasa.

Wanda ba ya iya juya kansa, a juya shi duk awa biyu, dare da rana. Kullum a duba diddige, idon sawu, ƙashin ƙugu, tsatso da allon kafaɗa. A baƙar fata gyambon kwanciya ba ya fara nuna ja. Wurin yakan fi kewayensa duhu, ya yi zafi ko tauri ko sheƙi. Da an ga haka kada a ƙara kwantar da shi a kan wurin, kada kuma a murza. Fitsari da gumi su ne ke gaggauta fashewar fata, don haka ledar da aka shimfiɗa a rufe ta da zani, a canja shi da zarar ya jiƙe.

Kwanciya a kan ɓarin da ya shanye ba laifi ba ne, tana ma taimaka wa jiki ya riƙa jin ɓarin. Sharaɗi shi ne a zura hannu ƙarƙashin allon kafaɗa a matso da shi gaba, don kada nauyin jiki ya hau kan gaɓar kafaɗa, a miƙe hannun tafi yana kallon sama, ƙafa mai lafiya a kan matashi a gaba. Idan a kan ɓari mai lafiya ne, hannu da ƙafar da suka shanye kowanne ya samu matashinsa, kada wani ya yi lilo. Inda babu matasan kai da yawa, buhu da aka cusa tsummoki aka rufe da zani yana yi.

Kafaɗa

Nan ne aka fi yin ɓarna. Kan ƙashin hannu yana zaune ne a wani gurbi marar zurfi, tsoka ce ke riƙe da shi. Idan tsokar ta saki, nauyin hannun kansa yana janyo ƙashin ƙasa, har ka iya sa yatsa a ramin da ke bayyana a saman kafaɗa. A wannan hali ja ɗaya ya isa ya jawo ciwon da zai hana mutum barci wata da watanni, kuma hannun da ke ciwo ba ya yarda ya koyi komai.

Kada a taɓa ɗago shi ta hannun da ya shanye, kada a tallabo shi ta hammata, kada a ja hannun wajen sa riga. Yara masu gudu su taimaki kakansu a nuna musu wannan tun ranar farko. Idan yana zaune, gwiwar hannu da tsintsiyar hannu su kwanta a kan matashi ko teburi. Majanyin rataye hannu na lokacin tsayuwa da tafiya ne kawai. Idan ya wuni a ciki, hannu zai naɗe a ƙirji ya sandare a haka.

Motsa gaɓoɓi kuwa wajibi ne, sau biyu a rana, kowace gaɓa sau 5 zuwa 10, a hankali. Hannunka ɗaya ya tallabi gwiwar hannunsa, ɗayan ya riƙe tafinsa. Ka ɗaga hannun ta gaba, babban yatsa yana kallon sama, ka tsaya daidai tsayin kafaɗa sai in likitan gashin ƙashi, mai koyar da motsa gaɓoɓi, ya nuna maka yadda ake wuce nan. Ka miƙe gwiwar hannu, ka lanƙwasa tsintsiya baya, ka buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe su a buɗe kamar daƙiƙa 30. A ƙafa, abin da ya fi muhimmanci shi ne tura tafin sawu sama wajen ƙauri, domin jijiyar agara tana saurin gajarcewa, kuma idan ta gajarce diddige ba zai ƙara taka ƙasa ba. Inda ciwo ya fara, nan ne iyaka. Igiyar da wasu ke ratayawa a azara don hannu mai lafiya ya riƙa jan mara lafiya sama, a bar ta, tana raunata kafaɗa. Haka ƙwallon roba da ake damƙa wa mutum ya wuni yana matsawa: hannun da ya fara ƙagewa ya riga ya iya damƙa, buɗewa ce ta gagare shi.

Gashi da ruwan zafi, tausa mai ƙarfi, tsaga da ƙaho ba sa kai wa inda ciwon yake, domin raunin a ƙwaƙwalwa yake, jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe. Abin tsoro shi ne ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi, sai fata ta saɓule mutum bai sani ba. Ruwan wanka, mai jinya ya gwada da gwiwar hannunsa. Da hunturu a nisanta kaskon wuta daga wannan ɓarin, a kuma duba ƙafa bayan ya zauna kusa da murhu.

Cin abinci

Kada a ba shi komai a kwance, ko da ruwa ne. Ya zauna a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuya. A fara da ƙaramin cokali na ruwa. Idan ya ƙware, ko ya yi tari, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure maƙogwaro, haɗiya ba ta daidaita ba, a sanar da ma'aikacin lafiya, domin abin da ya bi hanyar numfashi yana jawo ciwon huhu. Ruwa tsinkakke ya fi wuyar haɗiya ga irin waɗannan. Kunu mai kauri da aka tace, koko, da tuwo mai laushi da aka cuɗa sosai da miyar kuka ko kuɓewa sun fi sauƙi. Dambu, gyaɗa, fura mai gudaji da shinkafa cikin romo su jira. Loma ƙarama, a tabbata ya haɗiye kafin wata. Bayan an gama a duba kumatun ɓarin da ya shanye, abinci yana maƙalewa a nan, a wanke baki, ya ci gaba da zama minti 30.

Da zarar yana iya zama, shi zai ci da kansa, ko da rabin tuwon zai zube. A ɗora kwanon a kan gammo ko jiƙaƙƙen tsumma don kada ya riƙa gudu, kwanon kuma ya zama mai zurfi yadda cokali zai samu bangon tokara. Idan hannun ya fara riƙo amma ba ƙarfi, a naɗe mariƙin cokali da robar tub ɗin keke har kaurinsa ya kai santimita 3. Wanda damansa ce ta shanye yakan ƙi ci da hagu, wani ma ya gwammace yunwa. A kira limami ko malamin da yake girmamawa ya yi masa bayanin hukuncin lalura, a kuma ware buta da sabulu don wanke hannun sosai, tunda shi ne na ci shi ne na tsarki. Duk da haka hannun daman ya hau faifai ko teburi a gabansa, yana dafe da kwanon, ko da bai riƙe komai ba.

Tashi da tafiya

A ɗaura masa rawani ko gyale mai ƙarfi a ƙugu, shi ne mariƙin mai taimako. Ka tsaya ta ɓarin da ya shanye, gwiwarka a gaban tasa don kada ta lanƙwashe. Umarni gajere, ɗaya bayan ɗaya: «Baba, matso bakin gado. Ja ƙafa baya. Sunkuyo gaba. Bismillah, tashi.» Kuskuren da aka fi yi shi ne rashin sunkuyowa. Sai kai ya wuce gwiwoyi nauyi ke hawa ƙafafu, in ba haka ba mutum baya zai koma. Kada ya saƙalo wuyanka da hannu, ku biyu za ku faɗi. Ranar farko ya ɗan zauna a bakin gado tukuna, saboda jiri. Tashi da zama sau 5 zuwa 10, sau uku a rana, yana ɗora nauyi a kan ƙafafun biyu daidai, ya fi kowane irin tausa gina ƙafa.

Madafa ta koyon tafiya, kafinta ko mai gida zai iya kafa ta da yamma ɗaya. A samu sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita 3, kauri daidai damƙar hannu, a kankare ta sumul. A kafa turaku uku masu gwafa, na darbejiya ko wani icce mai ƙwari, kowanne ya nutse rabin mita a ƙasa, a shafe gindinsa da baƙin mai saboda gara, a daddale. Tsayin sandar ya zo daidai tsintsiyar hannunsa idan yana tsaye hannu a sake. Idan ta yi sama, zai riƙa ɗage kafaɗa yana karkacewa. A kafa ta a inuwa, a ƙasa mai tauri, ba cikin rairayi ba, kujera a kowane ƙarshe. Duk sati a girgiza turakun, musamman da damina.

Sandar hannu ma tsayinta ke nan, ana riƙe ta a hannu mai lafiya, a sa mata takalmin robar taya a gindi. Tsarin taku: sanda, ƙafa mara ƙarfi, sannan mai lafiya. A wajen hawa dandamali mai lafiya ce ke fara hawa, a wajen sauka mara ƙarfi ce ke fara sauka. Silifa tana zamewa daga ƙafar da ba ta iya riƙe ta, a sa takalmi mai maɗaurin diddige. Idan yatsun ƙafa suna jan ƙasa yana tuntuɓe, akwai takalmin roba mai tallabe sawu da ake aunawa a yi, a tambaya a Asibitin Ƙashi na Dala. Dokin ƙofa mai tsayi a rage shi. Ga mai keken guragu, kowane santimita 10 na tudu yana son gangare mai tsawon santimita 120, ƙofar zaure kuma kada faɗinta ya gaza santimita 80.

Masai, alwala da sutura

Ba abin da ke karya zuciyar dattijo kamar 'ya'yansa su ɗauke shi zuwa bayan gida, don haka wannan ya kamata ya zo da wuri. Tsugunno ba zai yiwu ba a farko. Kafinta ya yi kujerar katako mai tsayin santimita 45, mai madafa hagu da dama, da rami a mazauni mai faɗin kamar santimita 22, a goge bakinsa sumul, a shafa fenti don ta wanku. Da rana a ɗora ta kan bakin masai, bayan an tabbata daɓen zai ɗauki nauyi. Da dare ta koma gefen gado da bokiti mai murfi a ƙarƙashi. Kujerar roba da aka huda tana yi na ɗan lokaci, amma ramin yana raunana ta, ƙafafunta kuma suna baɗewa a jiƙaƙƙen daɓe. Buta ta zauna ta ɓari mai lafiya.

Alwala a zaune. Mai hannu ɗaya ba zai iya karkata buta ya kuma tari ruwa ba, sai a samu ƙaramin bokiti mai famfo a ɗora shi kan turmi da aka kifa, ya buɗe ya tara. Salla kuwa hadisin Imrana ɗan Husaini ya riga ya ba da tsari: a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kan ɓarin jiki. Sauran tambayoyin taimama da tsarki a kai wa malami, don kada mutum ya bar salla yana zaton ba ta karɓuwa.

Wajen sa riga, hannun da ya shanye ne ke fara shiga, a ja hannun rigar har kafaɗa, sannan mai lafiya, sannan kai. Wajen cirewa shi ne na ƙarshe. Tela ya cire mazagi ya sa roba a wando. Zanin mace a ɗinke shi da roba a ƙugu, ta iya sa abinta ba tare da jiran kowa ba.

Tsarin wuni da aikin hannu

Cikin mutum shida da suka taru a gidan Barton akwai Eleanor Clarke Slagle, wadda ta yi aiki da masu taɓin hankali a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore. Ta lura cewa wanda ya daɗe yana jinya yana rasa tsarin wuninsa kafin ya rasa komai, sai ta riƙa mayar musu da lokacin tashi, wanka, sa sutura, aiki da hutu, kullum a kan ƙa'ida ɗaya. A wurinmu salloli biyar sun riga sun raba wuni. Bayan asuba motsa gaɓoɓi, wanka da sutura. Da hantsi aikin hannu. Bayan azahar hutu. Bayan la'asar madafa da tafiya. Kafin magariba a fito da shi ƙofar gida cikin abokansa, mace kuma tsakar gida inda ake hira da aiki. Zama uku ko huɗu na minti 15 sun fi awa ɗaya a jere, domin gajiya tana ƙara wa hannu ƙagewa.

Aikin hannu hawa-hawa ne. Hannun da bai motsa ko kaɗan, aikinsa dafe: ya danne faifai ko ƙwarya yayin da ɗayan ke tsince wake. Idan kafaɗa da gwiwar hannu sun fara amsawa, ya haɗa yatsun hannu biyu ya goge tabarma ko teburi da tsumma, gaba da baya. Idan yatsu sun fara buɗewa, ya ɗauki lemo ko albasa daga wannan kwano zuwa wancan, a kula da sakin fiye da ɗaukar. Daga nan goriba, goro, dabino, har a sauko kan ɓarar gyaɗa, jan carbi, ƙirga kuɗi da ɓalla maɓalli. Tufkar igiya, saƙar faifai da tankaɗe suna sa hannu biyu aiki tare, su ne matakin sama. Ma'aunin mataki mai sauƙi ne: in yana cin nasara sau bakwai cikin goma, wurin ya yi daidai. In goma cikin goma ne a ƙara wuya, in kuma yana ɗage kafaɗa yana riƙe numfashi, a sauko.

Aikin ya zama na gaske, wanda gida ke amfana da shi. Manomin da ya shekara arba'in yana ciyar da gida ba zai jure wasan jera duwatsu ba, amma zai zauna ya zaɓi irin shuka, ya zuba wa tumaki harawa, ya tsare teburin sayar da goro. Uwar gida ta karɓi gyaran zogale da rabon abinci. Kuma a nemi shawararsa a kan gona da auren yara kamar da.

Wanda damansa ta shanye sau da yawa magana tana sarƙe masa. Ba hauka ba ne, ba kurumta ba ce, kada a yi masa tsawa ko a yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, tambayar da amsarta i ko a'a ce, a nuna abin da hannu, a jira. Wasu da ba sa iya kiran sunan ɗansu suna iya jan Fatiha ko ƙirga ɗaya zuwa goma, a yi amfani da wannan a matsayin mafari. Wanda hagunsa ta shanye kuma wani lokaci yakan manta da duk abin da ke hagu: ya ci rabin kwano, ya bugi ƙofa, ya bar hannunsa a ƙarƙashinsa. Masu gaisuwa su zauna ta hagunsa, rediyo ma haka, a riƙa tuna masa: «Inna, dubi hagunki.» Kuka ko dariya ba dalili yana cikin ciwon. Amma wanda ya daina ci, ya daina magana da kowa, yana cewa gara mutuwa, a gaya wa likita, akwai magani.

Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi, wanda ya taɓa samun shanyewa yana cikin haɗarin ta biyu. A riƙa awo a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ana rubutawa, idan yana yawan kai 140/90 ko fiye a nuna wa likita. Gishirin wuni duka kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya, dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne. Idan baki ya sake karkacewa, ko wata gaɓa ta saki, ko magana ta canja farat ɗaya, ko farfaɗiya ta zo, a nemi mota nan take, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, kada a ba shi asfirin, domin idan jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jini. Zazzaɓi da tari bayan ƙwarewa, gyambon da ya buɗe, da ƙaurin ƙafa ɗaya da ya kumbura ya yi zafi su ma na asibiti ne a ranar. Wannan na ƙarshen kada a tausa shi, yana iya zama gudan jini ne a jijiya.